Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen wurin fasa dutse bayan an ɗauke ruwan sama ya san kalar abin da ke gangarowa. Ja ne ko fari-fari, da kauri kamar kunun da aka dama da rowar ruwa, yana bin sawun tayar tifa har ya faɗa rafi. Ba wanda ke tambayar dalili. An kware wa ƙasa fatarta, an tara tsakuwa tsibi-tsibi, ƙurar injin niƙa ta kwanta a ko'ina, to me ruwan sama zai ɗauko in ba laka ba? Saboda haka a shekarar 2003, lokacin da jan ruwa ya fara tsattsafowa daga wani tsauni a tsakiyar jihar Fensilbeniya ta Amurka, amsa mai sauƙi tana nan a kusa, kuma ba ita ce amsar ba.

Sunan wurin Skytop, a kan doron tsaunin Bald Eagle, kusa da garin State College inda babbar jami'ar jihar take. Ana gina babbar hanya mai lamba 99, wadda aka raɗa wa sunan Bud Shuster, ɗan majalisar da ya shugabanci kwamitin sufuri na majalisar wakilai daga 1995 zuwa 2001, kuma ya tsaya kai da fata sai an yi ta. Don hanyar ta ƙetare tsaunin, sai aka tsaga shi da nakiya da katafila, aka yi rami mai zurfin mita 40 zuwa 60. Dutsen da aka fasa kuwa ba a yar da shi ba. Wane ɗan kwangila ne zai sayi tsakuwa daga nesa alhali ga dutse a ƙarƙashin ƙafarsa? Aka niƙa shi, aka shimfiɗa a ƙarƙashin titi, aka yi ciko da shi a kwaruruka, ragowar aka jibge tuli-tuli. A takarda aikin hanya ne, amma a ƙasa wurin ya zama ma'aikatar tsakuwa sosai, da injinta da ƙurarta da tulinta.

Ba a yi shekara ba, cikin 'yan watanni ruwan ya bayyana. Yana fitowa daga bangon ramin, yana fitowa daga gindin tulin tsakuwa, yana barin jan tabo a duk inda ya bi. A ƙasan tsaunin akwai ƙoramar Buffalo Run, wadda jihar ta sanya cikin ƙoramu masu ruwan sanyi da ake ba kariya ta musamman saboda kifin tirawut da ke hayayyafa a cikinsu. Akwai kuma gidajen da rijiya ce ruwan shansu.

Bari mu fara da wadda kowa zai fara zargi, wato laka, domin duk wani tanadi da ake yi wa ruwan sama a wurin haƙar tsakuwa ita aka yi wa. Tun da aka gyara dokar tsabtar ruwa ta Amurka a 1987, irin waɗannan wurare sai da izini suke sakin ruwan saman da ya wanke filinsu, kuma dabarun duk sanannu ne. A tare ruwan da ke zuwa daga sama da wurin, a kewaye da shi ta lambatu don kada ya taɓa ƙasar da aka tone. Wanda ya sauka a cikin wurin kuma a rage masa gudu da 'yan shingayen duwatsu, a kai shi wani kududdufi da aka haƙa musamman, ya zauna ya huce kafin a sake shi. Hikimar kududdufin ita ce hikimar randa. Wani masanin lissafi mai suna George Stokes ya fitar da ƙa'idarta a 1851: gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya, gwargwadon jinkirinta wajen nutsewa, kuma jinkirin ba a hankali yake ƙaruwa ba. Ƙwayar yashi mai laushi takan nutse zurfin mita ɗaya cikin kamar minti biyu. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma sai ta yi awa uku. Ƙwayar yumɓu da ta fi wannan ƙanƙanta sau goma kuwa tana iya shafe kusan mako biyu tana lilo. Shi ya sa ma'aikatan gidan ruwa ke zuba alam, don ya dunƙule ƙananan su yi nauyi.

To, ga gwajin da ko yaro zai iya. Ɗebi ruwan laka a kwalba ka ajiye. Gobe ka duba, za ka ga ƙasa ta kwanta, sama ta washe. Ruwa mai laka da datti yake farawa, ya ƙare garau. Irin ruwan da ya fito a Skytop kuwa ta baya yake tafiya. A bakin inda yake tsattsafowa kana iya hango ƙasan kwalbar ta cikinsa, ko dai fari tas ko kalar shayin da ba madara. Sai ya yi tafiya, ya sha iska, ya gauraya da ruwan kirki, sannan ya rine, ya fara zubar da wani abu mai kama da tsatsa a kan duwatsu. Laka ba ta haihuwar kanta a tsakiyar hanya. Abin da ke cikin ruwan nan a narke yake, kamar gishiri a miya, kuma abin da ya narke ko shekara ya yi a kududdufi ba zai kwanta don kansa ba.

Sai aka auna tsaminsa. Masana suna da ma'auni da suke kira pH, wanda uwargida ta san aikinsa ko da ba ta san sunansa ba. Daga wannan gefe tsami, daga wancan gefe kanwa. In miyar yakuwa ta yi tsami a jefa kanwa ta kashe shi. Ruwa tsantsa yana kan 7. Ƙasa da haka tsami ne, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne: 5 ya fi 6 tsami sau goma, 4 ya fi shi sau ɗari. Lemon tsami yana wajen 2. Yawancin kifaye ba sa jure ƙasa da 5, kuma doka ta saba neman ruwan da ake saki daga irin waɗannan wurare ya tsaya tsakanin 6 da 9. Ruwan Skytop ya faɗo ƙasa da 3.

Da jin haka, duk ɗan Fensilbeniya wuri ɗaya hankalinsa zai tafi: ramukan kwal. Jihar ta yi fiye da ƙarni tana haƙar kwal, kuma tsofaffin ramukan da aka watsar sun lalata dubban kilomitoci na ƙoramu da irin wannan jan ruwa mai tsami. Kamannin sun yi daidai, har kalar. Sai dai taswira ta ƙi yarda. Kwal ɗin yankin yana can yamma, a kan tudun Allegheny, bayan an ƙetare kwari. Dutsen Skytop kuwa ya kai shekara miliyan 450, kwal ɗin jihar bai fi miliyan 300 da ɗoriya ba. Lokacin da yashin da ya zama wannan dutse ya kwanta, ko dazuzzukan da za su ruɓe su zama kwal ba a yi ba. Ga kuma magana mai sauƙi: wurin ƙololuwar tsauni ne. Ruwa ba ya hawa tudu don ya zo ya ɓata wa wani suna.

Sauran waɗanda ake zargi ba su daɗe a hannu ba. Ruwan saman da kansa yana da tsami a wancan lokaci, saboda hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal, har yakan sauka tsakanin 4 da 4.5, amma abin da ke fitowa daga tulin ya fi abin da ke shiga tsami fiye da sau goma, ke nan a ciki yake ƙaro shi. Wankin motar kankare da ragowar siminti matsala ce ta gaske a wuraren aiki, amma gefen kanwa suke ja, har su kai 12. Man dizal da baƙin mai a sama suke yawo da ƙyalli kala-kala. Nakiya kuma, da yake da sinadarin takin zamani ake haɗa ta, sawun da take bari a ruwa irin na taki ne. Abin da aka samu a ruwan Skytop daban ne: ƙarfe, alminiyam, zinki, da tarin sinadarin da ke fitowa daga farar wuta. In aka haɗa farar wuta da wannan tsami, sunan abin a wurinmu sananne ne. Ruwan batir ne, wanda aka surka.

Ba wanda ya kai batir kan tsaunin. Saura mutum ɗaya a ɗakin, shi ne dutsen.

A 2004 aka dakatar da aikin a wannan yanki, masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, da hukumar kare muhalli ta jihar suka ɗebi samfuri. Rahoton da Jane Hammarstrom da abokan aikinta suka fitar a 2005 ya nuna cewa tsagin ya ratsa ta wani ɓangare mai tsawon mita 270 wanda ke cike da jijiyoyin wani ma'adini da ake kira fayirait. Haɗin ƙarfe ne da farar wuta, rawaya mai sheƙi, wanda ya sha ruɗar masu neman arziki har Turawa suka yi masa laƙabi da zinaren wawaye. A samfuran da suka fi ƙoshi, ƙarfe ya kai kashi 34 cikin ɗari na nauyin dutsen, farar wuta kashi 28, zinki 3.5, dalma kashi 1, ga kuma ɓurɓushin asanik da kadmiyam. Don mai karatu ya gane girman abin: a ma'adinan kwal na jihar, dutsen da farar wutarsa ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari an riga an sa masa ido. Aikin fayirait kuwa ba ɓoyayye ba ne. In ya haɗu da iska da ruwa, farar wutar ta koma asid, ƙarfen ya narke ya bi ruwa, asid ɗin kuma ya ci sauran ma'adinan da ke kusa ya saki abin da ke cikinsu.

An kama ɓarawo ke nan? Ni a ganina nan ne ma tambayar ta fara daɗi. Tsaunin nan ya yi miliyoyin shekaru ruwa na dukansa, dusar ƙanƙara na narkewa a kansa, Buffalo Run kuma tana gudana da kifinta lafiya lau. Fayirait ɗin yana ciki duk tsawon wannan zamani. Me ya tashe shi a 2003?

Niƙa. Jefa dunƙulen kanwa a ruwa, ka jefa dakakkiya a wani, ka ga wadda za ta riga narkewa. Dutse mai mita ɗaya ta kowane gefe yana da fuska shida, jimillar faɗinsu murabba'in mita 6. Farfasa shi zuwa tsakuwa mai santimita ɗaya, nauyinsa bai canja ba, amma fuskar da iska za ta taɓa ta zama murabba'in mita 600. Ƙurar da ke fita daga injin kuwa ta ninka haka sau ɗaruruwa. Sannan tulin tsakuwa ba kamar dutse curarre ba ne, ƙofofi gare shi ta ko'ina, iska ta shiga ta fita, ruwa ya tsiyaya ya jiƙa kowace ƙwaya. Da mutum zai zauna ya ƙera injin yin asid daga fayirait, da wuya ya ƙera wanda ya fi tulin tsakuwa a fili. Wani ɓangare na fayirait ɗin Skytop ma ba dunƙule-dunƙule yake ba, siri-siri ne kamar allurai, wanda ya ƙara masa saurin ci.

Akwai kuma mai taya ɓarna da ido ba ya gani. A 1947 wasu masu bincike biyu, Colmer da Hinkle, suka gano wata ƙwayar bakteriya a cikin ruwan ramukan kwal, wadda tsamin da ke kashe kifi shi ne gidanta, narkakken ƙarfe kuma shi ne abincinta. Tana sauya ƙarfen zuwa wani nau'i da shi ma yake cin fayirait, har ya fi iska saurin ci. A 1970 Singer da Stumm suka nuna cewa wannan mataki, wanda in an bar shi shi kaɗai tafiyar hawainiya yake yi, ƙwayar tana iya hanzarta shi har sau miliyan. Ke nan da zarar tsami ya kai wani matsayi, abin ya zama wutar kara: asid ya gyara wa ƙwayar wuri, ƙwayar ta ƙaro asid.

Tambaya ta gaba ta fi zafi, domin ta shafi mutane. Ba a tsaga tsauni da ka. Kafin a fara, ana huda ƙasa kamar za a yi rijiyar burtsatse, a zaro dutsen a duba. Yaya aka yi abu mai yawa haka ya kuɓuce?

Abu uku suka haɗu. Na farko, ba a saba zargin irin wannan dutse ba. Injiniyoyin yankin sun san fayirait a cikin baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle da kuma kusa da kwal. Dutsen yashi irin na Bald Eagle kuwa a wurinsu kayan aiki ne mai kyau, mai ƙarfi, wanda ake murna in an samu. Na biyu, yadda ma'adinin ya kwanta. Ba a baje yake cikin dutsen kamar gishiri a tuwo ba, a cikin tsage-tsage yake, kuma tsagogin a tsaye suke. Ka ɗauki littafi ka tsayar da shi, ka soka allura daga sama: tana iya bi ta tsakanin shafi biyu har ƙasa ba ta huda ko ɗaya ba. Ramin gwaji da aka haƙa a tsaye haka yake yi da jijiyar da ke tsaye.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa. A saman tsaunin akwai wani rufi mai kaurin fiye da mita 10 na dutsen da ya riga ya ruɓe, ja-ja, mai tsatsa. A cikinsa babu sauran fayirait, domin iska da ruwa sun cinye shi a hankali cikin dubban ɗaruruwan shekaru, kaɗan-kaɗan yadda ƙorama ba ta ko ji ba. Wanda ya gwada wannan rufi zai same shi lami, ba abin tsoro. Rufin ne kuma ya toshe wa na ƙasa iska, shi ya sa tsaunin ya zauna lafiya. Amma masu haƙar ma'adinai sun daɗe da sanin irin wannan rufi. Suna kiransa gosan, tsofaffin mahaƙan Jamus kuma suna ce masa hular ƙarfe, kuma in suka gan shi murna suke yi, don alama ce cewa akwai ma'adini mai farar wuta a ƙasa. Tsatsar ba daga sama ta faɗo ba, gawar fayirait ce. Abin da ya ɓoye cutar shi ne kuma tambarinta, sai dai da harshen mahaƙa aka rubuta shi, waɗanda suka zo karantawa kuma magina hanya ne.

Ba wannan ce kaɗai alamar ba. Yankin yana da tarihin dalma da zinki. A gundumar Blair da ke maƙwabtaka, an gina sansanin Fort Roberdeau a 1778 musamman don a tsare masu haƙar dalmar da za a yi wa sojojin neman 'yancin Amurka harsashi, kuma daga baya an yi ta tone-tonen gwaji a gundumomin Blair da Centre, inda Skytop yake, ko da yake ba a sami abin da zai riƙe kamfani ba. Abin da bai isa a kafa ma'adini a kansa ba ya isa ya kashe ƙorama. An kuma taɓa ganin irin haka a wani wuri: a 1963, da aka gyara hanya mai lamba 441 a tsaunukan Great Smoky, an yi ciko da dutse mai fayirait a kan ƙoramar Beech Flats, kifi ya ɓace na tsawon kilomita 8 a ƙasan wurin, kuma bayan shekara goma bai dawo ba. An rubuta wannan, an buga tun 1975. Ba na cikin masu cewa da su ne da sun gane. Bayan an faɗi amsa kowa malami ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tambayar ko dutsen nan yana da farar wuta tambaya ce mai arha, ana amsa ta a ɗakin gwaji da 'yan giram na garin dutse, kuma hanyar yin gwajin tana nan a rubuce tun shekarun 1970.

Saura wani abu da ya shafi ruwan sama kai tsaye, wanda kuma ya fi kusa da mu. Hankali zai ce in ruwa ya yi yawa zai surka asid, tsami ya ragu. A irin waɗannan wurare sau da yawa akasin haka ake gani: mafi munin ruwa shi ne wanda ya biyo bayan ɗaukewar ruwa na kwanaki. Masu binciken Skytop sun ga dalili a jikin dutsen. In aka kwana biyu ba ruwa, wani gari-gari yakan tsiro a bangon ramin da kan tsakuwa, fari ko rawaya ko shuɗi-shuɗi, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tafkunan Manga in ruwa ya janye. Fayirait ba ya hutawa don an daina ruwa. Laimar da ke cikin tuli ta ishe shi. Ruwan tsamin yakan biyo ƙofofin dutse ya fito fili, rana ta shanye ruwan, ta bar asid da ƙarfe a daskare kamar gishiri. Ajiya ce. Ruwan farko da ya sauka ya narkar da ita cikin mintuna, ya kwashe aikin makonni ya zuba wa ƙorama a tashi ɗaya. Mai ɗaukar samfuri da ya jira aka ɗauke ruwa, ya sha shayinsa, ya iso da kwalbarsa washegari, ya riga ya makara. Abin ya wuce da dare. Fensilbeniya kuwa ƙasa ce da ake ruwa kusan kowane wata. Sai mutum ya ƙiyasta irin ajiyar da tuli zai yi a inda rani ke kai wata bakwai, da abin da ruwan farko na damina zai tarar.

Yanzu kwalbar nan da ta rine daga baya ta daina zama abin mamaki. Muddin tsami ya yi tsanani, ƙarfe a narke yake zama. Da ruwan ya sha iska ya kuma haɗu da ruwan kirki, ma'aunin ya haura 3.5, ƙarfen ya fito ya kwanta ja. In ya haura zuwa wajen 5, alminiyam ma ya fito, shi kuma fari kamar madara. Wannan farin ne ya fi illa ga kifi, don yana liƙe masa a matsatsin numfashi ya shaƙe shi, jan kuma ya shafe tsakuwar ƙasan rafi inda ƙwari ke zama, inda kuma kifin ke zuba ƙwai. Buffalo Run ta ci sa'a ɗaya: kwarin da take bi na dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato da Ashaka, ruwanta yana ɗauke da kanwarsa ta halitta wadda ta rage kaifin abin. Amma sinadarin farar wutar ba ya kwanciya ko an kashe tsamin, yana bin ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa aka koma auna rijiyoyin mutanen da ke gindin tsaunin.

Sanin cuta daban, magani daban. Abin da zai fara zuwa rai shi ne a zuba wa tulin farar ƙasa, yadda ake jefa kanwa a miya. Lissafin ne ke karya gwiwa. Kowane kashi ɗaya cikin ɗari na farar wuta a cikin tan 1,000 na dutse yana buƙatar sama da tan 31 na dutsen farar ƙasa. A samfurin nan mai kashi 28, kusan tan guda na magani ke nan ga kowane tan na cuta. Ba duk dutsen ne ya kai haka ba, amma ko mai kashi biyu ko uku ne, in aka ninka da yawan abin da aka fasa, sai an nemo farar ƙasa mai ɗimbin yawa. Kuma barbaɗawa a sama ba ta aiki, sai an cakuɗa ƙwaya da ƙwaya. In aka jera dutsen farar ƙasa a lambatu don ruwan ya bi ta kansa, tsatsar da ke fitowa takan shafe shi kamar fenti, ya daina narkewa, ya koma dutse kawai. A halin gaggawa an tara ruwan a tafkuna ana zuba masa sinadarin kashe tsami, amma wannan kamar kwalfar jirgi mai yoyo ne. Fayirait na iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru bai ƙare ba.

Dabara ta gaskiya ita ce a mayar wa dutsen abin da aka ƙwace masa, wato duhu da rashin iska. Sai allura ta tono garma, don kafin a gane an riga an rarraba tsakuwar wuri-wuri a ƙarƙashin hanya da gefenta. Abin da za a kwashe ya kai kubik yadi miliyan ɗaya, wajen kubik mita 760,000. In tifa tana ɗaukar kubik mita 10, sawu 76,000 ke nan. An so kai shi wani tsohon wurin haƙar kwal a gundumar Indiana, mutanen can suka ce ba da su ba. Daga ƙarshe aka gina masa makwanci a gefen hanyar, 'yan kilomitoci daga Skytop: aka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kamar yadda ake yi wa juji na zamani, aka cakuɗa tsakuwar da farar ƙasa, aka jibge, aka rufe, aka sa bututun da zai tattara duk abin da ya tsiyayo. Wanda ba ya kwasuwa kuma, kamar bangon ramin kansa da cikon da ke tallafe da tsaunin, aka lulluɓe shi da leda inda yake, aka ɗora wata raga mai ramuka kamar saƙar zuma, aka cika ramukan da tsakuwa mai lafiya don ta danne. Ruwan sama ya sauka a kai ya gangare bai taɓa dutsen ba. Abin dariya, wannan ita ce dai dabara ta farko a littafin kowane wurin fasa dutse, a raba ruwa mai tsabta da abin da zai ɓata shi, sai dai a nan ta ci kusan dala miliyan 80. Wannan ɓangare na hanyar bai buɗe gaba ɗaya ba sai ƙarshen 2008.

Mu a nan yawancin tsakuwarmu daga dutsen giranit take, irin na Mpape da kewayen Kano, wanda bai cika ɗauke da farar wuta mai yawa ba; damuwarsa ta yau da kullum laka ce da ƙura. Amma ba duk dutsen ƙasar nan ne haka ba. Tsofaffin ramukan kwal na Inugu suna fitar da ruwan tsami. Akwai jijiyoyin dalma da zinki daga Abakaliki har zuwa Zurak a ƙasar Wase, dangin waɗanda aka tarar a Skytop, kuma a inda ake haƙar ma'adini, tarkacen dutsen da aka watsar shi ne tsakuwa mafi arha ga mai neman cikon hanya ko harsashin gini. Zamfara ta riga ta nuna mana a 2010, ta hanyar ƙura ba ta ruwa ba, abin da dutse ke saki in an niƙa shi: yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ba ta da amfani ga injiniya amma masana ƙasa ba su iya barinta ba. Yashin da ya zama dutsen Bald Eagle bai zo da wannan fayirait ba, tunda a cikin tsagogi yake, kuma sai dutse ya ƙanƙare kafin ya tsage. Wani ruwa mai zafi ne, ɗauke da ƙarfe da farar wuta, ya taso daga can ƙasa daga baya, ya bi tsagogin, ya huce, ya bar kayansa. Me ya tunkuɗo shi? Wasu masana da suka auna shekarun ma'adinin sun kawo ra'ayi mai ban mamaki, wanda ba kowa ya karɓa ba. Kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a inda yau yake bakin mashigin tekun Chesapeake, fiye da kilomita 400 daga Skytop, raminsa yana nan binne a ƙarƙashin gaɓar Bajiniya. A ganinsu girgizar wannan faɗuwa ce ta motsa ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya hau tsagogin tsaunin.

Ruwan da ya gangaro daga Skytop yana shiga Buffalo Run. Buffalo Run ta zuba a Spring Creek, ita kuma ta haɗu da Bald Eagle Creek a garin Milesburg, daga nan sai reshen yamma na kogin Susquehanna. Susquehanna kuwa a Chesapeake yake ƙarewa.